Maganin toshewar hanci na gargajiyar Chaina, in cigaba da sha ko in bari?

Wani bawan Allah ya turo tambaya, yace duk shekara da zarar hunturu ya shigo hancinsa baya sake buɗewa sai zafi ya fara, da asuba atishawa a jere, ruwa na zuba kamar an buɗe famfo, dare kuma da baki yake numfashi. Ƙaninsa da ke zuwa sari Guangzhou ya kawo masa wasu ƙwayoyi a kwalba duk rubutun Sinanci, ya fara sha yaji hanci ya buɗe tas, amma zuciyarsa na bugawa da sauri kuma da rana kasala da gyangyaɗi sun dame shi. Shekararsa 52, yana kan maganin hawan jini. Yana tambaya ko ya cigaba tunda ai ganye ne.

Toh Malam, kafin komai ka ajiye kwalbar nan tukunna, kada ka ƙara shan ko ɗaya sai an karanta maka abin da ke ciki, kuma kaje a auna jininka yau ko gobe. Aikina haɗa magunguna ne, kuma abu biyun da ka lissafa, bugun zuciya da gyangyaɗi, su suka sa kunnena ya tashi, domin duk biyun muna da sanin abin da ke kawo su a irin waɗannan ƙwayoyi na hanci da ake yi a Chaina.

Su Sinawa basu da wani abu ɗaya tak da ake kira maganin hanci. Likitan gargajiyarsu in kaje masa sai ya tambaye ka kalar majinar, ruwa ce fara ko kauri ce ruwan ɗorawa, kana jin sanyi ko zafi, kana ƙishirwa ko a'a, ya dubi harshenka ya taɓa jijiyar hannunka, sannan ya yanke wane rukuni ka faɗa. A tsohon iliminsu huhu ne ke mulkin hanci, kuma iska ce ke ɗauko cuta ta shigo da ita jiki, wani lokaci da sanyi wani lokaci da zafi. Mai atishawa da farin ruwa suna kiran ciwonsa bi qiu, wanda mu a asibiti za mu ce alaji ne na hanci. Mai majina mai kauri da wari da ciwon goshi suna ce masa bi yuan, wato kusan abin da muke kira sainusaitis, kumburin kogunan da ke cikin ƙashin fuska. Maganin wannan daban na wancan daban, har suna ganin in ka ba mai zafi maganin mai sanyi ƙara masa ciwo kayi. Ba sai ka yarda da bayaninsu na iska da sanyi ba, ni kaina ban ɗauke shi a matsayin yadda jiki ke aiki ba, amma rarrabewar da suke yi tana da ma'ana, kuma ita ce ke ɓacewa gaba ɗaya in aka sayo kwalba a shago aka miƙo maka ba wanda ya duba ka.

Haɗin da yafi shahara a wajensu kan hanci shine Cang Er Zi San, wani likita mai suna Yan Yonghe ya rubuta shi a littafinsa a shekarar 1253 zamanin daular Song, kuma har yau ƙwayoyin hanci na kamfanoni da dama daga shi suka samo tushe. Abu huɗu ne a ciki. Akwai xin yi, tohon furen bishiyar magnoliya tun bai buɗe ba, yana da gashi gashi a jiki shi yasa in za a dafa shi sai an ƙulle shi a ƙyalle don kada gashin ya sarƙe maƙogwaro, ƙamshinsa mai ƙarfi ne yana ratsa hanci. Akwai bai zhi, wata saiwa fara mai ƙamshi da suke ba mai ciwon goshi. Akwai bo he, na'ana'arsu kenan, ita a ƙarshe ake jefa ta a tukunya saboda in ta daɗe a wuta man ƙamshin ya gudu. Sai cang er zi ɗin kansa, ɗan wani ciyawa ne mai ƙaya da ke maƙale wa a gashin dabbobi kamar ƙarangiya. A asalin haɗin niƙa su ake yi a sha ɗan garin bayan cin abinci da ruwan shayi da ganyen albasa.

Wannan cang er zi ɗin fa guba ne in aka wuce gona da iri, kuma su Sinawan sun fi kowa sani. Yana ɗauke da sinadaran da ke lalata hanta da ƙoda suna kuma faɗar da sukarin jini, dabbobi na mutuwa in suka ci tsironsa yana ƙarami, a 2007 ma a Bangladesh mutane sun mutu bayan sun ci ƙananan tsiron a lokacin ƙarancin abinci. Shi yasa basa amfani da shi ɗanye, sai an soya shi a busasshen kasko an kakkaɓe ƙayar, kuma littafin ƙa'idar magunguna na gwamnatin Chaina ya tsayar da shi tsakanin giram 3 zuwa 10 a rana ga babba. A haɗin na 1253 ma bai zhi ce tafi yawa, shi kaɗan ne. Matsalar da ake samu ita ce mutum yaji daɗin magani ya mayar da shi abincin kullum wata da watanni, hanta kuma bata ihu da wuri, sai ido yayi ɗorawa ake farga.

Yanzu ga wanda nake zargi a kan bugun zuciyarka, ma huang. Wani tsiro ne mai siraran rassa kore da ke fitowa a busassun yankunan arewacin Chaina da Mongoliya, kuma babu ƙarya a aikinsa ko kaɗan, yana buɗe hanci da ƙirji da gaske. Daga cikinsa ne wani masani ɗan Japan, Nagai Nagayoshi, ya ciro sinadarin ifedirin a 1885, sannan a shekarun 1920 wasu masana biyu, K. K. Chen da Carl Schmidt, suka yi nazarinsa a kwalejin likitanci ta Peking suka nuna wa duniya yadda yake aiki. Ɗan'uwansa sudo-ifedirin shine ke cikin irin su Sudafed da Actifed da ake saya a kemis. Yadda yake buɗe hanci shine ya matse jijiyoyin jinin da suka kumbura a cikin hancin, to amma bai san hanci kaɗai ba, duk jijiyoyin jiki yake matsewa, jini ya hau, zuciya ta ƙara gudu, wani ya kasa bacci da dare, dattijo mai matsalar furostat, wato kumburin nan da ke matse hanyar fitsarin maza, fitsari ya tsaya masa cak. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sayar da shi a matsayin ƙarin abinci a 2004 bayan an samu masu shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya da mace-mace, yawancinsu masu shan sa don rage ƙiba ko ƙarin kuzari. Kai da kake shan maganin saukar da jini, in ka haɗa da wannan kana janyo igiya ɗaya ta ɓangare biyu ne. Kuma irin wannan ne mutum zai koma asibiti a ga jini yaƙi sauka a ƙara masa ƙwaya, alhali bai faɗa wa likita yana shan na Chaina ba don a ganinsa ganye ba magani bane.

Ma huang yana cikin wani tsohon haɗi da ake ba masu irin ciwonka sak, farin ruwa da atishawa da jin sanyi, sunansa Xiao Qing Long Tang, daga littafin wani tsohon likitansu Zhang Zhongjing na wajen shekara ta 200 miladiyya. Abu takwas ne a ciki, har da busasshiyar citta da reshen kirfa. A Japan ma likitocin asibiti na rubuta shi da sunan shoseiryuto kuma inshorar lafiyar ƙasar na biya, sun gwada shi a kan masu alajin hanci aka ga yana rage atishawa da yoyo da toshewa. Kaga ba zan ce maka baya aiki ba. Amma can likita ne ke rubutawa yana kallon jinin mutum, kuma ko a littattafan Sinawan sun ce ba maganin dogon zango bane, in ciwon ya lafa a tsaya. Cikin takwas ɗin nan akwai gan cao, saiwar nan mai zaƙi da suke sakawa a kusan kowane haɗi, ita ma in aka daɗe ana sha tana tara gishiri da ruwa a jiki ta hau da jini ta zubar da sinadarin fotashiyam, wanda yake da haɗari ga mai shan ƙwayar fitsari ta hawan jini. Sannan akwai xi xin.

Xi xin na daga dangin tsirrai masu wani sinadari da ake kira aristolokik asid, mai kashe ƙoda yana kuma jawo kansar hanyar fitsari. Duniya ta farga da wannan sinadari ne a farkon shekarun 1990 a Beljiyam, lokacin da mata kusan ɗari da ke shan haɗin rage ƙiba suka kamu da ciwon ƙoda saboda an musanya wata saiwa da wata mai kama da suna, da yawansu sai da aka koma wankin ƙoda ko dashe. A xi xin gubar tafi yawa a ganye, saiwar kaɗan ce, don haka yanzu saiwar kawai aka yarda a yi amfani da ita a Chaina, kuma tun da can tsofaffin likitocinsu na da ƙa'idar kada a wuce kimanin giram 3. Kamfani mai mutunci zai bi wannan. Wanda ke cika kwalba a bayan gida don masu sari, Allah kaɗai ya san me ya zuba.

Gyangyaɗin kuma ba ganye ke kawo shi ba a mafi yawan lokuta. A Chaina doka ta yarda a haɗa ganye da maganin bature a ƙwaya ɗaya in dai an rubuta a jiki, kuma akwai sanannen maganin hanci mai suna Bi Yan Kang wanda a jerin kayansa akwai ma huang, akwai cang er zi, akwai kuma kulofeniramin, wato sinadarin Piriton ɗin nan da kowa ya sani yana sa bacci. Ba ɓoyewa suka yi ba, yana rubuce, kai ne baka iya karantawa. Mutum sai yace kai maganin Chaina akwai kyau kwana ɗaya atishawa ta tsaya, bai san Piriton ya sha da ɗan'uwan Sudafed ba. In direba ne ko mai aiki da inji ka san me hakan ke nufi. Waɗanda ma suka fi ban tsoro sune marasa rajista da ake zuba musu sitiroyid irin su dekzametazon a ɓoye, hukumomi a ƙasashe daban daban sun sha kama irinsu, suna sa mutum yaji garau cikin kwana biyu sannan a hankali fuska ta kumbura sukari ya hau ƙashi yayi rauni.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musulmi wanda masu kawowa basu cika sani ba. Wannan Bi Yan Kang ɗin da wani da ake kira Huo Dan Wan na masu majina mai kauri, duk biyun akwai garin maɗaciyar alade a cikinsu, a wajensu abu ne mai sanyaya zafi. Hukuncin sha don magani na malamai ne ba nawa ba, amma dai ya kamata mutum ya san abin da yake haɗiya.

Ba duka ne masu zafin hannu haka ba. Yu Ping Feng San misali saiwa uku ce kawai, huang qi da bai zhu da fang feng, ya haura shekara 600 ana amfani da shi, ba don buɗe hanci nan take ba, ana ba mutumin da iska kaɗan ke kayar da shi, mai yawan gumi da yawan mura, ya sha makonni kafin lokacin ciwonsa ya zo. Yana cikin waɗanda aka fi yin bincike a kansu game da alajin hanci, sakamakon na nuna kamar yana taimakawa musamman in aka haɗa da maganin asibiti, sai dai gaskiya yawancin binciken ƙanana ne kuma tsarinsu bai da ƙarfi, don haka ni a wajena yana matsayin mai yiwuwa ne, bai kai tabbas ba. Babu ma huang a ciki, wannan kam alheri ne ga irinka, amma mai shan maganin danne garkuwar jiki kamar wanda aka yi wa dashen ƙoda ya nisanci huang qi. Ga masu majina ruwan ɗorawa da zazzaɓi da ciwon wuya kuma sai su koma kan tsirrai masu sanyaya zafi irin su huang qin da jin yin hua da lian qiao, wannan ba layinka bane.

Mafi sauƙin abin da suke da shi a kicin yake. Farin gindin albasa mai lawashi da daddawar waken soya a tafasa a sha da zafi a farkon mura, wannan yana cikin littafin wani likitansu Ge Hong na ƙarni na 4, littafin da wata masaniya 'yar Chaina, Tu Youyou, ta samu haske a ciki ta ciro maganin maleriya daga tazargade har ta samu kyautar Nobel a 2015. Da yawa a gidajensu citta da albasa da jan sukari kawai suke dafawa. Wannan ba zai cuce ka ba in baka da sukari, ɗumin da tururin na sassauta majina na ɗan lokaci. Suna kuma murza gefen hanci daidai inda fiffiken hanci ya haɗu da kumatu, minti ɗaya ko biyu, wasu na jin sauƙi, kyauta ne gwada. Na'ana'a da man shafawa masu mentol kuwa ka sani basa faɗaɗa hanyar iska, jijiyar jin sanyi suke taɓawa sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka iska na wucewa sosai, daɗi ne kawai, kuma dan Allah a daina cusa wa jarirai irin waɗannan a hanci ko a basu mai kafur, yana iya sa su shiɗewa.

Ni abin da nake gani a ciwonka, tunda da hunturu yake zuwa ya tafi da tafiyarsa, ƙura da busasshiyar iska da sanyin asuba ne ke tayar maka da hanci, wataƙila da ƙurar ɗaki da ta barguna da aka ciro daga ajiya, ga turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a ɗaki rufe. Abin da ya kamata ka fara da shi a nan shine wanke hanci da ruwan gishiri safe da yamma. Ruwa rabin lita a tafasa shi ya huce ya zama ɗumi ɗumi, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi wanda bai cika ba, ka sunkuya ka zuba ta hanci ɗaya da sirinji marar allura ya fito ta ɗayan, lallai tafasasshen ruwa ba na rijiya ko famfo kai tsaye ba. Likitocin Chaina na asibiti su ma suna ba da shawarar a yi wannan. Sai takunkumi in zaka hau babur ko shiga kasuwa, a shanya bargo a rana a wanke shi, a yayyafa ruwa kafin shara.

In hakan bai isa ba, maganin fesawa a hanci mai ɗan sitiroyid irin su fulutikason ko mometason shine yafi ƙarfin hujja a duk duniya kan wannan ciwo, kuma shi a hanci yake tsayawa kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, ba irin wancan na ɓoye da ake haɗiya ba. Sai dai yana son haƙuri, sai anyi kwanaki zuwa sati biyu ana fesawa kullum kafin a ga cikakken aikinsa, shi yasa gara ka fara tun kafin hazo ya sauka, kuma ka karkata bakin kwalbar wajen kunne ba tsakiyar hanci ba don gudun haɓo. Loratadin ko setirizin na rage atishawa da ƙaiƙayi kuma basu kai Piriton sa bacci ba. Wanda zan ja maka kunne a kai shine na ɗigawa irin su Otrivin, yana buɗewa cikin minti biyar amma in ka wuce kwana 5 zuwa 7 hancin sai ya saba, da ya sake ka sai ya toshe fiye da da, na ga mutane da yawa da suke yawo da shi a aljihu shekara da shekaru sun ɗauka ciwon ne yaƙi warkewa. Kuma Sudafed da Actifed da duk maganin mura mai buɗe hanci na haɗiya, hukuncinsu ɗaya da ma huang a wajenka.

Akwai toshewar da ba ta ganye bace ba ta feshi ba. In ɓangare ɗaya ne kullum a toshe, ko majina na fita da jini jini, ko kunne ɗaya ya toshe, ko wani ƙullutu ya fito a wuya, ko ka daina jin ƙamshi gaba ɗaya, ko gefen ido ya kumbura da zazzaɓi, wannan sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa da na'ura, don yana iya zama tsiro ko karkacewar ƙashin tsakiyar hanci ko abin da yafi haka. A kudancin Chaina ma, yankin Guangdong ɗin da ƙaninka ke zuwa, kansar bayan hanci tafi yawa fiye da kusan ko'ina a duniya, shi yasa likitocinsu basa wasa da waɗannan alamomi. Yaro kuma in hanci ɗaya na fitar da majina mai wari, yawanci wani abu ya tura ciki, ƙwayar wake ko soso ko dutsen ado.

Game da kwalbar, ka ɗauki hoton bayanta da manhajar fassara ta waya ko ka tura wa ƙaninka ya nuna wa wanda ya iya, ka nemi waɗannan: 麻黄 shine ma huang, 细辛 xi xin, 苍耳子 cang er zi, 甘草 gan cao, 猪胆 maɗaciyar alade, 马来酸氯苯那敏 kuma sinadarin Piriton. In kaga na farkon to kai da ita har abada saboda jininka. In babu jerin kayan haɗi ma sam a jiki, ko babu ranar lalacewa da sunan kamfani, jefar da ita. Wanda aka saya a nan gida a duba lambar NAFDAC, duk da lambar ganye ba shaidar yana warkarwa bace. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara da mai ciwon hanta ko ƙoda ko mai shan maganin tsinka jini irin warfarin kada su taɓa ko ɗaya cikin haɗe-haɗen nan sai da likita. Kai kuma ranar da zaka je awon jinin ka tafi da kwalbar a aljihu ka nuna wa likitanka, ka faɗa masa ranar da ka fara sha da guda nawa kake sha a rana, in kuma bugun zuciyar bai lafa ba bayan kwana biyu da dainawa, ko kaji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi na yankewa, kada ka jira ranar asibitinka, ka tafi a ranar.